WA KE DA IKON KAFA FEGI A GONAR TALAKA?

Zuwa ga 'yan'uwa na rassa a garuruwan kasuwa, daga Ƙonni da Madawa har Tasawa da Matamaye da Magarya, maza da mata, manoma da makiyaya da 'yan tebur.  Ga maganar da muke so a karanta a gaban jama'a, a kuma yi shawara a kanta.

Maganarmu a kan ƙaramin zaɓe ce, watau zaɓen konseye da magajin gari, da kuma a kan yankan filaye, abin da 'yan ofis ke kira lotisma. Mutane da yawa suna ɗaukarsu abu biyu. A wurinmu abu ɗaya ne. Wanda ya zauna a kujerar magajin gari shi ke riƙe da igiyar awo, kuma inda igiyar nan ta faɗi, nan gonar wani ke zama hanyar mota, nan burtali ke zama kanti, nan filin lakwal ke zama gidan mai kuɗi. Saboda haka ba mu yarda ba, kuma ba za mu yarda ba, a ce mutumin da gari bai zaɓa ba, wanda kuma gari ba ya iya tsigewa, shi ne zai zana garin da jikokinmu za su zauna a ciki.

ABIN DA AKA YI

Ran 13 ga Disamba 2020 talakawan Nijar suka fita suka zaɓi konseyensu, gari gari. Tsofaffi sun tsaya cikin layi, mata sun bar daka, makiyaya sun bar shanu a hannun yara. Wa'adin shekara 5 aka ba waɗanda aka zaɓa. Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki a Yamai. Ran 4 ga Afrilu 2024 aka sa hannu a takarda, aka rushe majalisun nan duka, na ƙauye da na birni da na jiha, aka naɗa kantomomi a maimakonsu, da yawa daga cikinsu masu kaki. Ran 26 ga Maris 2025 kuma aka kafa dokar riƙon ƙwarya ta wata 60, aka rushe jam'iyyu.

Ku duba abin da wannan ke nufi a ƙaramin gari. Bisa ga dokar ƙananan hukumomi ta 2010, jama'a ke zaɓen konseye, su kuma konseye su zaɓi magajin gari daga cikinsu. Majalisa tana zama sau huɗu a shekara, ƙofa a buɗe, kowane ɗan gari yana iya shiga ya saurara. Sarakuna suna da kujera a ciki, su ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a. Majalisa ke yarda da kasafin kuɗin gari ko ta ƙi. In magajin gari ya karkace, konseye suna da hanyar tsige shi, in kuma konseye suka haɗa baki da shi, jama'a suna jiransu ranar akwati. Tun daga Afrilu 2024 wannan aiki duka ya koma hannun mutum guda, wanda daga Yamai takardarsa ta fito, kuma can fuskarsa ke dubawa. Mai yiwuwa ne mutumin kirki ne, mai tsoron Allah. To, in ba haka yake ba fa? Wa zai ce masa tashi? Ba mai gona ba, ba mai unguwa ba, ba liman ba. Wanda ya naɗa shi kaɗai, shi kuwa yana nesa da gonar da ake magana a kanta.

BA YAU AKA FARA BA

Kakanninmu sun ɗanɗani irin wannan. A 1904 Nasara ya yi doka a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsa, wai duk ƙasar da ba ta da mai ita ta gwamnati ce. A 1935 ya ƙara da cewa ƙasar da aka bari fiye da shekara 10 ba a aikinta ita ma ta shiga ciki. Wa ke faɗin ƙasar da ba ta da mai ita? Kumandan. Saurar da manomi ya bari ta huta, da makiyayar da Bafillace ke komawa kowace damina, duk a idon kumandan daji ne marar ubangida. A Yamai aka zana gari biyu, na Turawa a kan tudu, na baƙar fata a ƙetaren kwarin Gunti Yena. A Maraɗi, da ruwan gulbi ya ci tsohon gari a 1945, bariki ta ɗauke garin ta mai da shi kan tudu, ta shata tituna miƙaƙƙu. Hawa tudu dabara ce mai kyau, ba mu musu. Amma ba wani Bamaraɗe da ya jefa ƙuri'a a kan inda kasuwa za ta zauna, ko wace unguwa za ta bi wace. A garuruwan da aka ba sunan komin a zamanin nan, kumandan da kansa shi ne magajin gari.

Ba kyauta aka ba mu ƙuri'a ba, sai da aka sha wuya. A 1946 aka soke aikin tilas. Dokar 18 ga Nuwamba 1955 ta ba waɗansu garuruwa ikon zaɓen magajin garinsu. A 1956 ƙuri'a ta zama ta kowa, mace da namiji, mai kuɗi da matsiyaci, kuma a Nuwamba na shekarar nan aka yi zaɓen da ya sa Djibo Bakary ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. Ku riƙe wannan da kyau: kafin ɗan ƙasa ya riƙe gwamnati, gari ya fara riƙewa.

Aka sami 'yancin kai a 1960, amma ƙananan garuruwa suka yi ta jira. Zaɓen Fabrairu 1999 an yi shi, kotu ta soke sakamako a wurare da yawa, juyin mulkin Afrilu na shekarar ya binne sauran. Sai ran 24 ga Yuli 2004, bayan shekara 44, komin 265 suka zaɓi majalisunsu. A 2010 soja suka rushe majalisu suka naɗa kantomomi. A Janairu 2011 aka sake zaɓe. Wa'adi ya cika a 2016, gwamnatin farar hula ta yi ta ɗage zaɓe tana ƙara wa na kan kujera kwana, har ƙarshen 2020. A 2024 kuma aka sake rushewa. Kun gani, 'yan'uwa? Mai kaki da mai babbar riga, kowa ya hau sai ya taɓa ƙaramar ƙuri'a. Ba a sa mata hannu haka domin ba ta da amfani. Sun san abin da ke ƙarƙashinta, watau ƙasa.

LISSAFIN GONA

Mu da ke koya wa yara lissafi a lakwal, bari mu yi shi a nan a fili, kowa ya bi mu da yatsa.

Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17 da 'yan kai a Nijar, kuma ana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 kowace shekara. Ma'anarsa, kafin jaririn bana ya cika shekara 20 jama'a ta ninka. Birnin Maraɗi yana da mutum wajen 44,000 a 1977, a 2012 ya haura 267,000. Abin da ya sami Maraɗi shi ke samun kowane garin kasuwa gwargwadon girmansa. Gari ba ya daina girma domin an rushe majalisa. 'Ya'ya suna aure, baƙi suna sauka, tilas ne a sami wurin gini. Mu ba maƙiyan lotisma ba ne. Garin da ba a shata masa hanya ba, ranar gobara ko ranar naƙuda sai an yi kuka. Tambayarmu ita ce: gonar wa za a yanka, a ba wa, a kan nawa, kuma wa ya yarda?

Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi, watau murabba'in mita 10,000. A ce an fitar da 4,000 domin tituna da filayen jama'a, saura 6,000. A ce kowane fegi mita 20 ne ta kowane gefe, watau 400. Fegi 15 ke nan a hekta guda. A ce kuma an ba mai gona kashi ɗaya cikin huɗu diyya, to fegi huɗu ma ba su cika ba. Saura goma sha ɗaya suna hannun ofishin magajin gari, watau meri. Wa zai same su? Da wane farashi? Ina kuɗin za su shiga? Duk rigimar ƙananan garuruwanmu tana cikin waɗannan tambayoyi uku.

Manomi kuwa da ya karɓi fegi uku ko huɗu, ya ga kamar ya yi arziki. Ya sayar da ɗaya ya yi wa ɗansa aure, ya sayar da ɗaya ya biya bashi, ya sayar da ɗaya a shekarar da hatsi ya yi tsada. Gona tana ba da hatsi da wake kowace shekara tun zamanin kakansa. Fegi sau ɗaya ake cinsa. Bayan shekara biyar ga shi yana tura amalanke a kan titin da ya bi ta tsakiyar gandun ubansa, yana sayen tiya a wurin wanda ya sayi filinsa.

Akwai kuma waɗanda ko fegi ɗaya ba su gani. Wanda aka ba aron gona ya shekara 30 yana nomanta. Wanda ya karɓi jingina. Matar da ke da 'yar gamana a gefen gandu, inda take shuka gujiya da kuɓewa da yakuwa ta sayi sabulu da littafin yaro. Ranar rabo sunan maigida kaɗai ke shiga takarda. Su waɗannan ba su da wurin da za a ji muryarsu sai wurin akwati. Dokar ƙasa ta kai rabon mata a kujerun zaɓe zuwa kashi 25 cikin 100 a 2019, kuma da wannan doka aka yi zaɓen 2020. Da aka rushe majalisu, har da kujerun matan nan aka rushe.

Don me kowace meri ke son yankan filaye haka? Domin lanho ba ya shiga sosai, kuɗin tikitin kasuwa kaɗan ne, taimakon da ke zuwa daga Yamai ba ya isa. Ƙasa ce rumbun da ya fi sauƙin buɗewa. Gwamnati da kanta ta nuna hanya, gama a farkon shekarun 2000 ta biya ma'aikata bashin albashi da fegi. Rumbun da kowa ke ɗiba ba mai zubawa, ai kun san ƙarshensa.

FILIN LAKWAL, BURTALI DA HANYAR RUWA

A kowace taswirar lotisma ana barin filaye na jama'a: na lakwal, na likita, na kasuwa, na maƙabarta, na wasan yara. Ranar da aka zana su suna cikin daji, ba mai kula da su. Bayan shekara goma gari ya kewaye su, sun zama filayen da suka fi kowane tsada. Sa'an nan ne ake fara jin cewa wai filin ya yi wa lakwal yawa, a yanki gefe. Bana gefe, baɗi kusurwa, shekara mai zuwa bakin titi. Mu da ke tsayawa gaban yara cikin rumfar zana, gwiwa tana gugar gwiwa, mun san abin da ake nufi da unguwar da ba ta da filin ƙara aji. Kuɗi in an sace ana iya nemo wani. Filin lakwal in an gina bene a kansa, shi ke nan har abada. Tun ran gini ran zane.

Wanda ke shakka ya dubi Yamai. Tun 1965 aka fara dasa itatuwa kewaye da birnin domin su tare iska da ƙura. Lotisma ta yi ta cinsu da kaɗan kaɗan, a zamanin naɗaɗɗu da zamanin zaɓaɓɓu. In an iya yin haka a gaban idon ministoci, ina ga garin da ba ɗan jarida ko ɗaya?

Sai burtali. Kowane garin kasuwa yana da hanyar da shanu da tumaki ke bi su shiga kara, da hanyar da suke bi zuwa rijiya ko tabki. Dokar makiyaya ta 2010 ta hana wani ya mallake hanyoyin nan ya mai da su nasa. Amma doka tana cikin littafi, turke yana cikin ƙasa. In aka toshe burtali, saniya ba ta tashi sama, gona za ta shiga. Daga nan sai sanda, daga sanda sai takobi. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da Toda ba, inda a Oktoba 1991 aka kashe Fulani fiye da 100, mafi yawansu mata da yara, a kan rigimar manoma da makiyaya. Allah ya kiyaye mu da ganin irinta. Amma mai roƙon tsari sai ya tsare burtalin garinsa.

Sai hanyar ruwa. Tsofaffin kowane gari sun san inda ruwa ke bi, da kwarin da ke cika sau ɗaya a shekara goma. Mai awo da ya zo daga birni da rani ba ya ganin kome sai fili shimfiɗaɗɗe mai daɗin yanka. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi. Ruwan sama na Allah ne. Amma takardar da ta ba talaka fegi a cikin tabki, mutum ne ya sa mata hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Konseyen da aka haifa a unguwar, wanda ya yi wanka a tabkin nan yana yaro, yana iya tashi a majalisa ya ce nan ba a gini. Baƙon da aka naɗa jiya, wa zai gaya masa, kuma in an gaya masa me zai tilasta shi ya ji?

AMSA GA MASU MUSU

Waɗansu suna cewa: ai zaɓaɓɓun nan su ne suka cinye filaye, gara da aka kore su. Ba mu zo wanke kowa ba. An yi magadan gari da suka sayar da fegi ɗaya ga mutum biyu, an yi konseye da aka toshe wa baki da fili. Wanda ya ci, a kai shi gaban alƙali, ya amayar. Amma in ɓarawo ya shiga rumbu, ɓarawon ake kamawa, ba a ƙone rumbun. Ɓarawon da ka zaɓa ka san gidansa, ka san ubansa, yana sallar Juma'a a sahu ɗaya da kai, kuma tilas ya dawo ƙofar gidanka neman ƙuri'a. Wanda aka naɗa, in ya ci, sai a yi masa canjin wuri, ku wayi gari ku ga sabuwar fuska. Ku tuna kuma, majalisun 2011 sun zauna kusan shekara 10 a kan wa'adin shekara 5. Wanda ya san ba ranar hisabi kusa, me zai hana hannunsa tsawo? Yawan zaɓe ba shi ya lalatar da su ba, rashinsa ne.

Waɗansu suna cewa: ƙasa tana cikin yaƙi, ba lokacin zaɓe ba ne. Mun san halin da ake ciki a Tillaberi da Diffa da waɗansu sassan Tawa da bakin iyakar Maraɗi, muna kuma yi wa sojojinmu da suka faɗi addu'a. Amma a Disamba 2020 ma ana yaƙin, aka yi zaɓe. Garin da kasuwarsa ke ci kowane mako, mutum dubbai su taru su watse lafiya, ba za a ce ba ya iya tsayawa layi yini ɗaya ba. Sa'an nan 'yan bindiga a ina suke samun masu bi? A wurin wanda aka ƙwace wa gona, da wanda aka toshe wa burtali, ya kai kuka bai sami mai ji ba. Majalisar gari da ke raba gardama tun tana ƙarama ita ma tsaro ce.

Waɗansu suna cewa: talaka bai iya karatu ba, me ya sani game da taswira? Wannan magana mun san mai ita, ta kumandan ce. Tsohon da bai taɓa shiga lakwal ba yana iya nuna maka iyakar gona arba'in da gamba da kututture, bai yi kuskuren taki ɗaya ba. A shimfiɗa masa taswira a ƙasa, a ce ga rijiya, ga kuka, ga maƙabarta, ku ga in bai gane ba. Masu ɓoye taswira a aljihun tebur ba domin talaka jahili ne suke ɓoyewa ba, domin kada ya gane ne.

Waɗansu kuma suna cewa: ga sarki, ga mai gari, sun isa. Muna girmama sarakunanmu, kuma su ne shaidun iyakoki. Amma sarki ma yana da gonaki a bakin gari, yana da 'ya'ya da fadawa. Ba daidai ba ne a ɗora wa mutum nauyin zama alƙali a kan abin da yake da rabo a ciki. Sarkin kirki ya fi kowa son a sami majalisa, domin ta sauke masa zargi.

'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, a Katsina da Kano da Sakkwato, sun daɗe da sanin kantoma, gama gwamnoni sun saba rushe zaɓaɓɓun majalisu su naɗa nasu. Ran 11 ga Yuli 2024 kotun ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa gwamna ba shi da wannan iko. Wata uku ke nan bayan an rushe namu. Hukunci a takarda bai gyara musu kome da kome ba, amma ya nuna cewa cutar nan an san ta, an kuma san sunanta.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya. A sa ranar zaɓen konseye da magadan gari, a faɗe ta a rediyo kowa ya ji. In ana son komawa ga mulkin jama'a mataki mataki, daga gari ya kamata a fara, kamar yadda aka fara a 1956.

Na biyu. Kafin ranar nan, kada naɗaɗɗe ya yanka sabuwar lotisma, kada ya taɓa filin jama'a ko ɗaya. Ya share gari, ya gyara magudana, ya biya ma'aikata, mu gode masa. Abin da ba ya warwaruwa ya bar wa waɗanda gari zai zaɓa.

Na uku. Taswirar kowace lotisma da aka riga aka yi a manna ta a bangon meri da bakin kasuwa, tare da sunayen waɗanda aka ba fegi da abin da kowa ya biya.

Na huɗu. In majalisa ta dawo, kada a canza filin jama'a zuwa wani abu, kada a ɗauke kasuwa ko tasha daga inda take, sai an yi shela, an tara unguwannin da abin ya shafa, sa'an nan konseye su ɗaga hannu a gaban jama'a, a rubuta sunan wanda ya ce i da wanda ya ce a'a.

AIKIN RASSA

An rushe jam'iyyu a takarda, amma ba a rushe unguwa ba, ba a rushe maƙwabtaka ba. Ga abin da kowa ke iya yi daga gobe, cikin lumana da bin doka.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ce haƙƙin da mutum ya samu bisa al'ada darajarsa ɗaya da wanda aka rubuta. Ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira kofo, akwai na gari a ƙarƙashin mai gari, akwai na komin, akwai na gunduma. Duk mai gonar gado a bakin gari ya je da shaidunsa ya nemi takardar shaida tun masu awo ba su zo ba. Mai aro da mai jingina su ma a rubuta nasu. Mace mai gadon gona ta sa a rubuta sunanta, kada ta bari a ce na wanta ya wadatar.

Dokar 1961 a kan karɓar ƙasa, wadda aka gyara a 2008, ta ce ba a karɓar ƙasar mutum sai domin amfanin jama'a, kuma sai an fara biyansa diyya ta adalci. Ku ji da kyau: biya tukuna, sa'an nan karɓa. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba a gaban shaidu biyu nasa.

Samari masu karatu su ɗauki littafi su bi tsofaffi, su zaga filin lakwal da maƙabarta da kara da burtali da bakin tabki, su auna da taki, su rubuta, su ajiye kofi a gida uku. A dasa itace a kusurwa huɗu na kowane filin jama'a. A kira makiyaya cikin wannan zagaye, gama burtali su suka fi saninsa. Wanda ya ga an kafa sabon turke inda babu jiya, kada ya tumɓuke, ya zo ya faɗa, a tafi meri a tare a yi tambaya da ladabi, a nemi amsa a rubuce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

RANAR DA AKWATI YA DAWO

Zai dawo, gama ya tafi a 1999 ya dawo, ya tafi a 2010 ya dawo. Ranar nan za ku ga motoci da turamen atamfa da sabulu da jika biyu biyu a cikin ambulan. Ku tambayi kanku inda mai rabon zai fanshe kuɗinsa. Albashin konseye ba ya sayen mota. A bakin gari zai fanshe, a cikin gonarku. Kowa ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski. Wanda ya sayar da ƙuri'arsa a kan jika biyu, ya sani hekta ya sayar.

Duk wanda ya zo neman kujera, ko ɗan wa ne, ko wace riga ya sa, ku zaunar da shi a gaban jama'a ku tambaye shi: fegi nawa gare ka yau, domin mu ƙidaya ranar da za ka sauka? Ina za ka sa sabuwar unguwa, a kan tudu ko a cikin kwari? Filin lakwal da burtali, ka yi alkawari a gaban liman ba za ka taɓa su ba? Za ka manna taswira a bango? Wanda ya amsa, a rubuta amsarsa a ajiye. Wanda ya yi fushi da tambaya, ya riga ya ba ku amsa. In kuma an zaɓe su, kada a watse a bar su. Kowane zama na majalisa, reshe ya aika mutum biyu su zauna a baya su saurara, su dawo su ba da labari a dandali.

Shugaban ƙasa yana nesa, ɗan majalisar dokoki sai ran kamfe. Amma magajin gari, turkensa yana iya kwana a bayan ɗakinka. Ƙasar nan kakanninmu suka sare ta, suka haƙa rijiyoyinta, suna kwance a cikinta. Masu ita su ne za su faɗi yadda za a yanka ta.

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. A kai takardar nan kasuwa, a kai ta ruga, a shigar da ita cikin gida wurin mata. Allah ya tsare mana gonakinmu, ya ba talaka nasara. Amin.